Sanyaya kwamfutar wasanni da tafiyar iska a cikin akwatinta

Sanyaya kwamfutar wasanni shi ne tsarin kwashe zafin da kayan cikinta suke haifarwa, musamman katin girafik, wato katin da ke zana hotunan wasa a allo, a fitar da shi daga akwati zuwa iskar ɗaki. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa: katin da ya ja wat 320 zai zubar da zafi na wat 320. Fanka ba ta haifar da sanyi, iska kawai take turawa, saboda haka katin da iska ke sanyayawa ba zai taɓa fin ɗakin da yake ciki sanyi ba. A Kaduna wannan babban lamari ne, domin a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, kuma ɗaki mai rufin kwano yana iya wuce haka. Yawancin alƙaluman da ake karantawa a gwaje-gwajen ƙasashen waje an ɗauke su ne a ɗakunan da ba su wuce digiri 21 zuwa 25 ba. Katin da ya nuna 70 a can zai nuna sama da 80 a nan, alhali lafiyarsa ƙalau.

Tarihi

Katunan wasa na farko ba su da matsalar zafi sosai. Voodoo Graphics na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 1996, ba shi da fanka, ƙwayoyinsa, wato ƙananan guntayen lantarki da ke yin lissafi, a fili suke. Tsarin ATX na jera kayan cikin akwati, da kamfanin Intel ya fitar a 1995, ma da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya damu: a fasalinsa na farko, fankar akwatin wuta, mai raba wa kayan kwamfuta lantarki, ita ke zuƙo iska daga waje ta hura wa furosesa, daga baya aka juya ta ta koma fitar da iska. GeForce 256 na kamfanin Nvidia, a 1999, ya zo da 'yar ƙaramar fanka a kan ɗan ƙarfe mai tsotse zafi, kuma a lokacin hakan ya wadatar.

Abin ya sauya a farkon 2003 da fitowar GeForce FX 5800 Ultra. Ya cinye gurbi biyu a bayan akwati, fankarsa kuma ta yi ƙaurin suna wajen ƙara, har aka riƙa kwatanta ta da injin hura ganye. Amma tunanin da ke bayansa, wato a fitar da zafin kati kai tsaye ta bayan akwati, ya daɗe yana aiki. A 2010 GeForce GTX 480 ya zo da wat 250, zafinsa a wasa yana haura digiri 90. A 2013 kamfanin AMD ya fitar da Radeon R9 290X da aka tsara ya zauna a digiri 95, sannan ya rage gudu da kansa idan fanka ta gaza riƙe shi a nan. Waɗannan katuna biyu sun taimaka wajen karkatar da masu saye zuwa katunan da wasu kamfanoni ke ƙerawa da fanka biyu ko uku a buɗe. Nvidia ma ya bar fankar hurawa, mai tura zafi waje ta baya, a katunansa na kansa a 2018. A 2020 RTX 3080 ya zo da wat 320 da wani sabon fasali, inda aka gajarta allon kati domin fanka ɗaya ta ratsa iska ta cikinsa zuwa sama. RTX 4090 na 2022 wat 450 ne, RTX 5090 na 2025 kuma wat 575.

Abin da ya sa ake iya ɗaukar wannan nauyi shi ne bututun zafi, wani rufaffen bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa aka bar ɗan ruwa. Ruwan yana zama tururi a wajen ƙwayar kati, ya gudu zuwa ɓangaren da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya dawo ta jikin bangon bututun. Ana danganta fasalinsa na zamani ga George Grover na ɗakin binciken Los Alamos a Amurka, a 1963. Ya shiga kwamfutocin cinya a wajajen shekarun 1990, katunan girafik kuma a farkon shekarun 2000.

Akwatuna su ma sun sauya. Wajen ƙarshen shekarun 2000 akwatin wuta ya sauko ƙasa, daga baya kuma guraben faifan DVD suka ɓace, gaba ya buɗe wa fankoki. Kusan tsakiyar shekarun 2010 aka shiga yayin rufe gaban akwati da gilashi, abin da ya ƙara kyau ya toshe iska. Irin waɗannan akwatuna har yanzu suna da yawa a kasuwa, kuma ba su dace da yanayin Arewa ba.

Nau'o'in sanyaya kati

Iri uku ne. Mai hurawa yana da fanka ɗaya da ke tura zafi waje ta baya. Yana da ƙara, amma yana jure matsattsen akwati. Mai buɗaɗɗun fankoki ya fi sanyi da shiru, sai dai yana zubar da zafinsa duka a cikin akwati, ya bar wa fankokin akwati aikin fitarwa. Mai ratsawa yana tura wani kaso sama, daidai gaban mai sanyaya furosesa.

Yawan iskar da ake bukata

Ana rubuta ƙarfin fanka a kwali da haruffan CFM, wato yawan kubik na ƙafa na iska da take turawa a minti ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka wat da 1.76, a raba da yawan digirin da aka yarda iska ta ƙara tsakanin shigarta da fitarta. Kwamfuta mai shan wat 500, idan ana son iskar kada ta ƙara fiye da digiri 10, tana bukatar CFM 88. Fanka mai faɗin milimita 120 takan nuna 50 zuwa 70 a kwali, amma wannan a sarari ne ba tare da shinge ba. Da zarar an sa rariyar ƙura a gabanta, abin da take bayarwa ya ragu sosai. Kaduna kuma tana bisa tudu na kimanin mita 600 daga teku, iskarta ta ɗan fi ta Legas rashin nauyi, don haka ana ƙara kaɗan a kan lissafin.

Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne fanka uku masu milimita 120, ko biyu masu 140, a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, wata ɗaya a sama daga can baya. Iska tana fita ta gefen fanka mai sandunan da suka riƙe mota, kuma yawancin fankoki suna da kibiya a gefe. Juya fanka baibai kuskure ne da ake yawan samu a kwamfutocin da aka harhaɗa cikin gaggawa. Fankar fitarwa da aka ɗaura a sama daga gaba takan kwashe sabuwar iska tun ba ta isa ko'ina ba. Idan akwati yana da gurbi a ƙasa, fanka biyu masu hura wa kati kai tsaye sun fi kowane ƙari amfani, muddin akwatin yana da ƙafafu masu ɗan tsayi kuma ba a kan kafet ko darduma aka ajiye shi ba. Bayan fanka biyar ko shida, ƙarin da ake samu kaɗan ne, ƙara ce take yawa.

Fanka mai fil huɗu a bakin wayarta ta fi mai fil uku biyayya wajen daidaita gudu. A wasa kati ne yake fin zafi, amma madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, da zafin furosesa take sarrafa fankokin akwati, shi ya sa sukan yi sanyin jiki a daidai lokacin da kati ke ƙuna. Maganinsa a ɗaga mafi ƙarancin gudunsu a BIOS, wato shafin saitin madabod, zuwa wajen kashi 50 ko 60 cikin ɗari, ko a ɗaure su da zafin kati ta manhaja.

Gwajin gano matsala: a yi wasa na minti 20, a rubuta zafin kati, a cire murfin gefe a maimaita. Idan ya sauka da fiye da digiri 5, akwatin ne yake shaƙe iska. Idan bai motsa ba, laifin yana jikin katin.

Shigarwa ko fitarwa

Masana sun rabu kan wanda ya kamata ya rinjaya tsakanin fankokin shigar da iska da na fitarwa. Rinjayen fitarwa yana iya rage digiri ɗaya ko biyu, amma yana jawo ƙura ta kowace kafa. Inda ake hunturu, rinjayen shigarwa ta bayan rariya ya fi dacewa.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi kamar gari daga Sahara, kuma rariya ba ta tare ta duka. Tana taruwa a bakin siraran faifayen alminiyom na kati har ta zama kamar tabarma, fanka tana juyawa amma iska ba ta wucewa. A wannan lokaci ana wanke rariya kowane mako ɗaya ko biyu, a bar ta ta bushe sarai, a hure cikin akwati sau ɗaya a wata. Da damina wata biyu zuwa uku ya isa. Kafin hurewa a kashe kwamfuta, a zare waya daga soket, a fitar da akwatin tsakar gida, a danne kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Injin hura iska na lantarki ya fi kwamfuresar masu faci, wadda takan feso ruwa da mai. Bushewar iskar hunturu tana ƙara tartsatsin lantarki a jikin mutum, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati. Ɗora akwati a kan tebur maimakon ƙasa yana rage ƙurar da yake sha.

Ma'aunin zafi

Manhajoji irin su HWiNFO da GPU-Z suna nuna lambobi uku a katunan da suka bayar da su: zafin ƙwaya, wuri mafi zafi a cikinta, da zafin ma'adanar bayanai ta kati. Katunan Nvidia da yawa suna fara rage gudu sosai a wajen digiri 83. AMD ya ce digiri 110 ne iyakar wuri mafi zafi a jerin RX 5700, ma'adana irin GDDR6X ma a nan take fara ja da baya. Tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakanin ƙwaya da wuri mafi zafi ba komai ba ce. Idan ta kai 25 ko 30, man miƙa zafi da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfe ya bushe ko ya tsiyaye gefe.

Mai da ƙyallayen zafi

Wannan ya fi shafar katunan gwanjo. Bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya, wasunsu suka iso Najeriya. Ana goge tsohon mai da sinadarin aisofurofil, a shafa sabo ya rufe fuskar ƙwaya gaba ɗaya, domin ƙwayar kati tsirara take, ba ta da murfi irin na furosesa. A ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙyallayen da ke kan ma'adana, masu miƙa zafinta ga ƙarfe, suna zuwa da kauri daban-daban, milimita 0.5, 1, 1.5, 2 ko fiye. Wanda ya yi kauri da yawa yana ɗage ƙarfen daga kan ƙwaya, zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, wanda ya yi siriri kuma ba ya taɓa komai. Dole a auna na asali kafin a saya. Ruwan ƙarfe mai galiyom, da wasu ke shafawa a madadin mai, yana cin alminiyom kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa, ba na sabon hannu ba ne.

Rage wutar kati

Wannan ce hanyar da ba ta cin ko kwabo, kuma ita aka fi sakaci da ita. Wutar da ƙwaya take sha tana hawa da ninkin ƙarfin lantarki sau kansa, shi ya sa ragi kaɗan yake kawo sauƙi babba. A MSI Afterburner, ko manhajar Adrenalin ga katunan AMD, ana iya sauke iyakar wuta zuwa kashi 75 ko 80 cikin ɗari, asarar gudu kuma yawanci kaɗan ce. Ana kuma iya kafe yawan hotuna a daƙiƙa daidai da abin da allo zai iya nunawa: allo mai 60 ba ya amfana da hotuna 200. Ana kuma iya rage ƙarfin lantarkin ƙwaya kai tsaye, amma idan aka rage shi fiye da ƙima wasa zai riƙa tsayawa, sai a ɗan mayar, ba ya lalata kati. Ga mai amfani da inbata ko ƙaramin janareta, wat 80 da aka rage riba biyu ce.

Sanyaya da ruwa

A wannan tsari famfo ne ke zagaya ruwa ya kwashe zafi zuwa lagireto, kuma lagireto mai milimita 240 ko 360 shi ma iskar ɗaki yake miƙa wa zafi. Kada famfo ya zama wuri mafi tsayi a zagayen ruwan, domin kumfa za ta taru a cikinsa. Lagireton furosesa da aka sa a gaba yana ɗumama iskar da kati zai sha, saboda haka ga mai kati mai zafi sama ya fi.

Ɗaki

Kwamfuta mai wat 500 a rufaffen ɗaki tana ɗumama shi awa bayan awa, tana kuma sake shan iskar da ta fitar. A bar tazarar santimita 15 ko fiye tsakanin bayan akwati da bango, kada a kulle shi a cikin durowar tebur. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe zafi na kimanin wat 2,600, wato kwamfutar ita kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. A wuraren wasa masu kwamfuta biyar ko shida a ɗaki guda, fankar bango mai fitar da iska waje ta fi fankar silin amfani, domin ta silin zafin kawai take juyawa.