Sawuntirak ba waƙar da aka liƙa wa fim ba ce

Kwanan nan duk inda ka leƙa sawuntirak ake cewa. Mai gabatar da shiri a rediyo zai ce ga sawuntirak ɗin sabon fim kaza, sai ya sako maka waƙar soyayya wadda ko a cikin fim ɗin ba lallai ka ji ta ba, a TikTok kuwa duk waƙar da aka ɗora wa bidiyon biki ta samu wannan suna, har waƙar kamfen ma yanzu sawuntirak ce wai. To a wane fim ɗan takarar ya fito?

Kalmar nan tun zamanin majigi take. A ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana, wani siririn layi ake bari a gefen zaren fim ɗin, nan ake ajiye sauti, kuma duk abin da kunne zai ji a layin yake, maganar 'yan wasa, ƙarar ƙofa, harbin bindiga, kiɗa, har shirun da aka yi da gangan. Daga baya ne kamfanonin waƙa suka riƙa tsame waƙoƙin suna sayarwa a faifai da wannan suna, shi kenan mutane suka riƙe faifan suka manta da fim.

In kana son ganin aikin da ido, nemi Baby Driver na 2017, wanda Edgar Wright ɗan Ingila ya ba da umarni. Labarin kansa ba wani sabo ba ne, yaro ne direban 'yan fashin banki a birnin Atlanta na Amurka, ana bin sa bashi, yana son ya tuba ya gudu da budurwa, mun sha gani. Amma yaron, wanda Ansel Elgort ya fito a matsayinsa, ya yi hatsarin mota yana ƙarami, iyayensa suka rasu, kunnensa kuma ya koma yana wani tsiii da ba ya ɗaukewa, don haka kullum iyafis na kunnensa yana danne ƙarar da kiɗa. Abin da yake ji shi kai ma kake ji. In kiɗa ya tsaya sai wannan tsiii ɗin ya taso maka a kunne kai ɗan kallo.

Dubi buɗewar fim ɗin kawai. Jar Subaru a ƙofar banki, waƙar Bellbottoms ta tashi, yaro na zaune yana kiɗa da sitiyari, yana kunna waifa tana tafiya daidai da ganga, da abokan fashin suka fito a guje kuma duk birki, duk canjin giya, duk karya kwana a kan bugun waƙar yake faɗawa. A wata musayar wuta da aka yi a kan waƙar Tequila, harsasan ma bin kiɗa suke yi. Wurin da ya fi burge ni shi ne fashi na biyu, 'yan fashin sun ɓata lokaci da surutu a mota, yaron ya ce su dakata sai ya maido waƙar daga farko tukuna, saboda da ita ya auna aikin. Ai ka ga nan waƙar ce ke tuƙin. Cire ta ka sa wata, hoton ya tarwatse gaba ɗaya, domin tun a rubutu aka zaɓi waƙoƙin, aka riƙa kunna su a wurin ɗauka, mai tace hoton ma Paul Machliss yana nan zaune da kwamfutarsa yana haɗawa nan take don a ga ko taku ya hau kiɗa.

Mu a finafinanmu al'adar daban ce, kuma daga Indiya muka gado ta. Labari na tafiya sai a ja masa birki, a tafi lambu, a canja kaya sau uku, a dawo. Ni ba na raina wannan, akwai waƙoƙin da suka fi finafinansu daɗewa a bakin mutane, amma sunanta waƙar fim, kuma sunan ya wadatar, ban ga dalilin ara mata na turanci don kawai ya fi daɗin faɗa a makirfo ba.

Shi ma Baby Driver ɗin ba tsarkakakke ba ne, soyayyar ba ta da nama, ƙarshensa kuma ya koma hauka irin ta mugun da ya ƙi mutuwa. Sai dai ko a cikin haukan akwai darasi, lokacin da Jon Hamm, wanda ya fito a matsayin mugun, ya harba bindiga dab da kunnuwan yaron, sauti duka ya dushe kamar an tura kanka cikin randa. Wannan dushewar ma sawuntirak ce, kuma ba za ka same ta a faifan waƙoƙin ba balle mai rediyo ya sako maka. Shi ya sa da aka zo gasar Oscar, gurbi uku da fim ɗin ya shiga takara, biyu na aikin sauti ne, ɗaya na tace hoto, ba ko ɗaya na waƙa.