Ma'anar kabon monoksaid, iskar da ke kisan mummuƙe a lokacin sanyi

Da zarar hunturu ya kankama a Disamba, yara sun samu hutu, baƙi sun cika gida, sai ka fara jin likitoci suna jan kunne a kan kabon monoksaid. Wata iska ce mai guba da ke fita idan gawayi, itace, kananzir, gas ko fetur na ci ba tare da isasshiyar iska ba. Kada a ɗauka ita ce hayaƙin da ke sa ido hawaye. Ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin da ya yi jajur a kasko, wanda ake cewa ya gama hayaƙi a shigar da shi ɗaki, yana nan yana fitar da ita.

Idan aka shaƙe ta, sai ta manne wa sinadarin jini da ke ɗaukar iskar oksijin, kuma kamunta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke riƙe da su. Mutum ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gaɓoɓi su mutu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne alamun sun yi kama da mura ko maleriya, sai a haɗiyi farasitamol a koma cikin bargo, taga a toshe da tsumma. Mai barci kuwa ba lallai ya farka ba.

A Amurka ma tana kashe sama da mutum 400 duk shekara. Lokacin da ƙanƙara ta katse lantarki a jihar Texas a Fabrairun 2021, an rasa rayuka saboda kunna janareta da mota a rufaffen wuri don jin ɗumi.

A ji ɗumi a tsakar gida, a bar kaskon a waje kafin a kwanta. Janareta ya yi nesa da ƙofa da taga, aƙalla mita 6, ba a zaure ko baranda ba. In kuma mutanen ɗaki guda suka kama ciwon kai lokaci ɗaya, kada a tsaya zargin abincin dare. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da tagogi, a garzaya asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112.