Tayar tsere mai tambarin DOT a kan jiƙaƙƙiyar kwalta: me dokar Amurka ta ce?

A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da kan ɗauki Ford ƙirar 1932 ko Chevrolet ta 1955, su cire injin da ta zo da shi, su dasa mata wani ƙato mai silinda takwas. Irin waɗannan motoci su ake kira hot rod. Abin ya faro ne daga kudancin Kalifoniya, inda samari ke gwada gudu a busassun tafkuna irin su El Mirage, kafin Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren hot rod, NHRA, a 1951 domin a raba tseren da titin jama'a. Tseren nasu miƙe yake sak, kwata mil, ba kwana. Tayar da ake yin sa da ita faffaɗa ce, robarta da laushi, sumul ba zane ko ɗaya, kuma a galibin jihohi laifi ne a hau titi da ita.

Sai kamfanoni suka fito da wata ta tsaka-tsaki. Robar tsere ce, amma an tsaga mata 'yan layuka, an buga mata haruffan DOT, wato taƙaitaccen sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, a gefe. Mickey Thompson na da ET Street, Nitto na da NT555R, Hoosier ma na da nata. Da ita mai mota zai fito daga gida, ya je filin tsere, ya komo ba tare da ya canja ƙafa ba. To, idan hadari ya haɗo a hanyar komowa fa?

Mutane da yawa sun ɗauka haruffan nan uku na nufin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta gwada tayar ta amince da ita. Ba haka ba ne. Kamfanin da ya ƙera tayar shi yake buga tambarin da kansa, yana shaida cewa kayansa sun cika ƙa'idojin tarayya. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, wadda ta rubuta ƙa'idojin, tana iya sayen taya a kasuwa daga baya ta gwada, in ta faɗi a tilasta wa kamfanin ya janye ta. Ƙa'idar da ta shafi tayoyin radiyal na ƙananan motoci ita ce FMVSS mai lamba 139. An fito da ita ne bayan dokar TREAD ta shekarar 2000, wadda majalisa ta yi sakamakon tayoyin Firestone da suka riƙa ɓarewa a motocin Ford Explorer suna kashe mutane. Saboda haka abin da take dubawa shi ne ko taya za ta jure gudu, da doguwar tafiya, da ƙarancin iska, ba tare da ta tarwatse ba. A ɗakin gwaji ake yin wannan, a kan busasshiyar ganga mai juyawa. Ruwa bai shigo lissafin ba sam.

Akwai wani rubutun a gefen taya da ya taɓo ruwa, wato makin riƙon hanya: AA, A, B ko C. Ana samun sa ne ta hanyar jan tayar a tirela kan jiƙaƙƙiyar kwalta da kankare, a gudun mil 40 a awa, sannan a danne birki har ta daina juyawa. Birki a miƙe kaɗai yake aunawa, ban da shan kwana, ban da taka totur, ban da lokacin da ruwa ya kwanta har taya ta hau kansa. Kuma bayani ne ga mai saye kawai, ko C taya ta samu ana sayar da ita.

Gwamnatin tarayya ƙera taya da sayar da ita take kula da su. Abin da mutum ya ɗaura wa motarsa ya hau titi kuwa, hurumin jihohi ne. Yawancinsu sun tsayar da zurfin zane a kashi 2 cikin 32 na inci, kimanin milimita 1.6, daidai inda 'yan gadojin roban nan da ke cikin tsagar taya suke bayyana idan ta suɗe. Amurkawa kan cusa kwabonsu mai hoton Lincoln a tsagar, kai ƙasa; in an ga ƙoƙon kansa duka, taya ta gama aiki. Kalifoniya ta fi sassauci ma, sashe na 27465 na dokar motocinta ya tsaya a kashi 1 cikin 32. Sabuwar tayar mota ta yau da kullum kan zo da kashi 10 ko 11. Ta tsere mai DOT kan zo da wajen 6, wasu ƙasa da haka, kuma da yake robar na da laushi, ga al'adar ƙona taya kafin a tashi tsere, nan da nan take cinyewa. Don haka taya tana iya zama halal a idon ɗan sanda alhali ba ta da inda za ta kora ruwa.

A ganina dokar da ta fi kama mai hot rod a ranar ruwa ba ta ambaci taya ba ma. Ita ce dokar gudu daidai da hali, wadda kusan kowace jiha ke da irinta. A Kalifoniya sashe na 22350 ne: kada kowa ya yi gudun da ya wuce abin da hankali zai ɗauka, bisa la'akari da yanayi, da nisan gani, da cunkoso, da yadda fuskar hanya take. Allo na iya cewa mil 65, a tare mutum yana kan 50, a rubuta masa tara, kuma ta zauna.

Nawa ne gudun hankali a kan irin wannan taya? A 1963 masu bincike a cibiyar NASA ta Langley sun fitar da wani lissafi a kan tayoyin jirgin sama, wanda har yau ake kwatance da shi. Ya nuna cewa idan ruwa ya fi zanen taya zurfi, gudun da taya za ta rabu da ƙasa ta hau ruwa ya danganta da yawan iskar cikinta. Mai iska 32 a ma'aunin iskar taya (psi) za ta fara shawagi a wajen mil 58 a awa. Mai iska 16 kuwa, irin yadda ake sassauta ta a filin tsere don ta baje ta kama ƙasa, tun daga mil 41, wato kilomita 66 ke nan. Wanda ya bar fili bai ƙara iska ba, ya hau babbar hanya ana tsuga ruwa, ya riga ya wuce iyaka tun yana ganin a hankali yake tafiya. Su kansu masu shirya tseren, da an fara yayyafi suke tsayar da komai sai fili ya bushe.

Ita motar ma ba ta taimakon direba. Sai daga Janairun 1968 tarayya ta wajabta bel a sababbin motoci, na'urar da ke hana mota juyewa kuwa sai ƙirar 2012. Tsohuwar hot rod ba ta da wannan na'ura, ba ta da ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki. Bayanta ba nauyi, gabanta siraran tayoyi ne, wasu kuma an ɗaure ƙafafun bayan suna juyawa tare ko a kwana. Taɓa totur kaɗan a mahaɗar hanya, sai ka ga gindin motar ya zagayo gaba. In ɗan sanda ya ga alamar da gangan aka yi, sashe na 23109 na dokar Kalifoniya da ya hana baje kolin gudu a titi yana jira.

Maganar ta fi nauyi bayan hatsari. Kamfanin Hoosier ya rubuta ƙarara cewa tayoyinsa na tsere masu tambarin DOT ba don titi aka yi su ba. Lauyan wanda aka buge ba ya buƙatar ya nuna tayar haramtacciya ce. Ya ishe shi ya nuna direban ya san halinta, ya ga ruwa, ya ci gaba da gudu, wannan shi ne sakaci a kotu. Kamfanonin inshorar tsofaffin motoci su ma kan sa sharuɗɗa kan yadda za a yi amfani da motar, kuma galibi sukan cire hannu daga duk abin da ya faru a wajen tsere.

Turai ta bi wata hanyar daban. Ƙa'ida ta 117 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake aiki da ita a can, ta sa mafi ƙarancin riƙon jiƙaƙƙiyar hanya da sabuwar taya za ta cimma kafin a sayar da ita. A Birtaniya zane dole ya kai milimita 1.6 a kashi uku cikin huɗu na tsakiyar taya, kewaye da ita duka, kuma tara na iya kaiwa fam 2,500 da maki uku a lasin, kan kowace taya guda. Sannan an hana sa radiyal a gaba da tsohon samfurin taya mai saƙar gicciye a baya, haɗin da ake yawan gani a ƙarƙashin hot rod ɗin Amurka.