Mene ne wutar iska ta kan tudu, kuma me ya kai ta yankunan mai da kwal?

Idan aka ce wutar iska ta kan tudu, ana nufin lantarkin da ake samu daga injinan da iska ke juyawa, waɗanda aka kafa a doron ƙasa, ko a fili, ko a kan tsauni, ko a tsakiyar gonaki. Takwararta ita ce ta cikin teku, wadda ake kafa injinanta a ruwa nesa da gaɓa. Aikinsu ɗaya ne, amma ta tudu ta fi araha nesa ba kusa ba, ta fi saurin ginuwa, ta kuma fi jawo rigima, saboda kusa da gidajen mutane take.

Injin kansa ba shi da wuyar fahimta. Doguwar hasumiya ce ta ƙarfe, wadda tsawonta kan kai mita 100 ko fiye, a samanta akwai ɗaki mai ɗauke da janareta, a gaban ɗakin kuma fukafukai uku. A fanka wuta ce ke shiga iska ta fito, a nan kuwa iska ce ke shiga wuta ta fito. Fukafukan kan fara juyawa idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, idan kuma ta yi ƙarfi ta kai wajen mita 25 a daƙiƙa sai injin ya tsayar da kansa don kada ya lalace. Tun wajen 1920 masanin Jamus Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai iya kwashe fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi, kome gwanintar wanda ya ƙera shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai zuba jari shi ne yadda ƙarfin ke hauhawa. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa tudun da ya ɗan fi maƙwabcinsa iska zai iya zama wurin riba, ɗayan kuma wurin asara, shi ya sa kuma ake kafa sandar awo a yi shekara guda ko fiye ana auna iskar wuri kafin banki ya saki ko sisi. Haka nan adadin da aka rubuta wa tasha ba shi ne abin da za ta riƙa bayarwa dare da rana ba. Tashar da aka ce megawat 100 ce (megawat ma'aunin ƙarfin lantarki ne), idan aka haɗa lissafin shekara, yawanci tsakanin kashi 25 da 45 cikin 100 na wannan adadi take bayarwa. Duk wanda ya kwatanta ta da tashar kwal ta hanyar adadin da ke rubuce kawai, ko dai bai sani ba, ko kuma yana so ya ruɗi mai sauraro.

To me ya kai wannan sana'a yankunan da tattalin arzikinsu ya dogara da ɗanyen mai, da iskar gas, da kwal? Mutum zai zaci nan ne za a fi ƙinta. Amma jihar da ta fi kowace jiha a Amurka haƙo mai, wato Teksas, ita ce kuma ta fi kowace samar da wutar iska, da injinan da ƙarfinsu ya haura megawat 40,000. Dokar da ta buɗe ƙofar an sa mata hannu ne a 1999, lokacin George W. Bush yana gwamna, mutumin da shi kansa ya yi harkar mai. Ba kishin muhalli ne ya ja makiyayan yammacin jihar ba. Sun daɗe da sanin yadda ake bai wa kamfani hayar fili ya haƙa rijiyar mai a riƙa biyansu, don haka da aka zo da maganar hayar fili a kafa hasumiya, ba baƙon ciniki ba ne a wurinsu. Gindin injin ɗan wuri yake ci, shanu na ci gaba da kiwo a ƙarƙashinsa, kuɗin haya kuma na shigowa ko an yi fari ko ba a yi ba. Ita kuwa Saudiyya lissafinta daban ne. Tana ƙona ɗanyen mai don samar da lantarki a gida, kuma duk gangar da ba ta ƙona ba za ta iya sayar da ita a waje. Tasharta ta Dumat al-Jandal, mai megawat 400 a yankin Jauf, ta fara ba da wuta a 2021.

A ganina, inda ake yawan yin kuskure shi ne ɗaukar injin a matsayin babban aiki. Babban aikin wayar dakon wuta ce. Iska mai kyau galibi tana inda mutane ba su da yawa, manyan layukan dakon wuta kuwa an shimfiɗa su ne tun da can daga tashoshin kwal da gas zuwa birane. Teksas ta gane haka da wuri. A 2005 majalisar jihar ta amince a ja sababbin layuka zuwa yankunan iska tun kafin a cika su da injina, aka ja kimanin mil 3,600 a kan kuɗi kusan dala biliyan 7, aka kammala wajen ƙarshen 2013, masu amfani da wuta suka ɗauki nauyin biya. Ƙasar Sin ta sa injina a gaba, waya a baya, ta kuwa ɗanɗana kuɗarta: a 2016 kimanin kashi 17 cikin 100 na wutar da injinanta za su iya bayarwa ta tafi a banza don babu hanyar kai ta, a lardin Gansu abin ya haura kashi 40. Sai da aka ja dogayen layuka zuwa gabashin ƙasar sannan asarar ta ragu. Afirka ta Kudu na cikin irin wannan tarko. Kwal ɗinta da manyan layukanta suna Mpumalanga a arewa maso gabas, iskarta mafi kyau kuma tana lardunan Cape, a kudu da yammacin ƙasar. A zagaye na shida na gwanjon ayyukan wutar iska da ta rana da gwamnati ta yi a 2022, babu aikin iska ko ɗaya da aka zaɓa, domin layukan can sun riga sun cika. A jihar Wyoming, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na kwal ɗin Amurka, layin TransWest Express mai tsawon mil 732, na dakon wutar iska zuwa wasu jihohi, ya shafe fiye da shekara goma yana jiran izini kafin a fara gina shi a 2023.

Doka ma na iya kashe harkar da jimla ɗaya. A 2016 Polan, wadda kwal ke ba ta mafi yawan lantarkinta, ta kafa dokar da ta ce nisan inji da gida dole ya kai tsawon injin sau goma. Injin da tsawonsa har ƙarshen fiffike ya kai mita 200 ke nan sai ya yi nisan kilomita 2 da kowane gida. Kusan duk filayen ƙasar suka fita daga lissafi, sababbin ayyuka suka tsaya. Sai a 2023 aka sassauta zuwa mita 700. Ƙorafin maƙwabta game da ƙara da inuwar fukafukai gaskiya ne, kuma ya cancanci a saurara, amma tazara irin waccan hani ce da aka sa wa wani suna.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa: idan iska ta kwanta fa? Amsar ita ce wasu tashoshi su ɗauki nauyin, ko gas, ko ruwa, ko hasken rana, ko manyan batura, kuma masu kula da layin wuta suna hasashen iska tun kwana guda kafin lokaci. A nan yankin da ke da gas yana da sa'a, don tashar gas na iya tashi da sauka cikin hanzari, abin da tsohuwar tashar kwal ba ta iyawa da sauƙi. Lokacin da tsananin sanyi ya jefa Teksas cikin duhu a Fabrairun 2021, wasu 'yan siyasa sun yi saurin ɗora laifi kan injinan iska. Wasu injinan sun daskare, haka ne, amma binciken hukumomin tarayya ya nuna cewa kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga ɓangaren gas ne.

Inda masu adawa suke da hujja mai ƙarfi shi ne aiki da haraji. Gina tashar iska na ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata na shekara ɗaya ko biyu, bayan nan sai 'yan tsirarun masu gyara. Mahaƙar kwal kuwa na riƙe gari guda shekara da shekaru, da albashi mai kauri, kuma ba lalle ne sabon aikin ya zo garin da tsohon ya mutu ba. Wyoming ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutanenta, kuɗin ma'adinai ne ke ɗauke da kaso mai yawa na makarantunta. Saboda haka ta ɗora harajin dala 1 a kan kowane megawat na awa guda da injin iska ya samar, tun daga 2012, kuma 'yan majalisarta sun sha kawo ƙudurin ƙara shi, kamfanoni na cewa idan aka ƙara za su kai jarinsu jihohin maƙwabta.