Ma'anar "ƙyale tunani", da abin da ake rikita shi da shi

Kwanan nan duk shirin lafiyar ƙwaƙwalwa da ka kunna, sai ka ji ana ba mai yawan zargin kansa shawarar ya "ƙyale tunanin". Shawarar ba ta da laifi. Abin da ke ba ni haushi shi ne bayanin da ke biyo baya: wai ka cire shi daga ranka, kada ka sake tuna shi. Ai wannan dannewa ce, ita da ƙyalewa kuwa ko hanya ba su haɗa ba.

A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya sa ɗalibai su yi minti 5 kada su tuna farar dabbar beyar, duk wanda ta faɗo masa a rai ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka ɗage musu dokar, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tunaninta. Dalili kuwa, in kana son tabbatar da cewa ba ka tunanin abu, dole ka riƙa leƙawa ko ya dawo, leƙen nan kuma shi ke jawo shi.

To ƙyalewa fa? Kana wanke hannu, murya ta taso a zuciyarka: "Kowa ya ga wautarka a taron jiya." Ba ka musa ba, ba ka amsa laifi ba, ba ka hau jero hujjojin kare kai ba. Ka dai lura, ka ce "ga shi ya sake zuwa", ka rufe famfo, ka koma aikinka. Irin wannan tunanin halinsa ɗaya da mai tsokana: martani yake nema, in bai samu ba zai ƙara ƙaimi na ɗan lokaci, daga baya ya gaji. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ka tsaya gaban madubi kana "ni gwani ne" ba. Wannan ma martani ne, zancen ka tsawaita.

Ba a ce zai ɓace rana ɗaya ba, ƙarfinsa ne ke raguwa. In kuma akwai kuskure na gaske a cikin zargin, a gyara shi sau ɗaya. Wanda abin ya kai shi ga rasa barci, ko tunanin cutar da kansa, likita ya kamata ya gani.