Kwano mai amo

Kwano mai amo nau'in ƙararrawa ne da ake ƙerawa da siffar tasa, baki sama, gindi ƙasa. Ba a rataye shi, kuma babu harshe a cikinsa. Ana ɗora shi a tafin hannu ko a kan ɗan gammo, a bugi gefensa da makaɗi, ko a yi ta zagaya bakinsa da sanda har ya ɗauki dogon sauti wanda ba ya yankewa muddin hannu bai tsaya ba. A yau masu neman natsuwa da hutun zuciya ne suka fi sayensa. Faɗinsa kan kama daga santimita kaɗan zuwa kusan mita guda.

Tarihi

Ƙararrawa mai kallon sama ta samo asali ne daga ƙasar Sin. A zamanin daular Shang, wajen ƙarni na 16 zuwa na 11 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana zubin wata ƙararrawar tagulla mai suna nao, wadda ake kafawa a kan mariƙinta a buge ta da sanda. Daga baya mai siffar kwano ta samu wurin zama a ɗakunan ibadar mabiya Buda a Sin da Japan. Japanawa na kiran nasu rin, kuma aikinsa sanarwa ne: a buga don a fara karatu, a buga idan za a sauya, a buga a rufe. Bugu ake yi. Zagaya baki da sanda don kwanon ya yi dogon kuka, bisa ga dukkan alamu, sabon abu ne.

Sunan da ya fi tashe a kasuwa shi ne kwanon Tibet, sai dai tarihi bai goyi bayansa sosai ba. Baƙin da suka shiga Tibet a farkon ƙarni na 20 sun yi rubutu kan kiɗan ƙasar ba tare da ambaton wani kwano mai sauti ba, cikinsu har da Perceval Landon, ɗan jaridar Ingila da ya bi ayarin sojan Birtaniya zuwa Lasa, babban birnin Tibet, a 1904. Abin da aka san ƴan Tibet da shi a ibada shi ne ƙaramar ƙararrawar hannu, drilbu, da ƴan faifan ƙarfe biyu da ake karawa, tingsha. Kwanukan tagulla kuwa kayan gida ne a Nepal da arewaci da gabashin Indiya, inda ake kiran ƙarfen da suna "kansa" a harsunansu, ana cin abinci a ciki, ana zuba hatsi.

Ana kyautata zaton sunan ya manne ne bayan 1959, lokacin da ƴan gudun hijirar Tibet suka kwararo Nepal da Indiya, sannan matasan Turai da Amurka suka yi ta zuwa Katmandu, babban birnin Nepal, suna sayen duk abin da aka ce daga tsaunuka ya fito. A 1972 mawaƙan Amurka biyu, Henry Wolff da Nancy Hennings, suka fitar da faifai mai suna Tibetan Bells, wanda ake yawan cewa shi ya buɗe wa kwanon kasuwa a Yamma. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu a Nepal da Indiya ake yin su. Na farin dutse mai kama da gilashi sun zo ne daga baya, wajen shekarun 1980.

Ƙarfen da ake yin sa

Kwano mai kyau na tagullar ƙararrawa ne, wato jan ƙarfe kimanin kashi 78 cikin 100 da kuza kimanin kashi 22. Wannan haɗi yana da tauri, shi ya sa sautinsa ke daɗewa, kuma shi ya sa yake tsagewa idan ya faɗi a kan siminti. Maƙera na narka haɗin su zuba shi kamar waina mai kauri, su mayar da shi wuta, mutum ɗaya na juya shi da awartaki, sauran na saukar da guduma bi da bi, don sai da zafinsa yake yarda da duka. Tabon gudumar yakan kasance a jiki, ba biyu da suka yi daidai. Akwai kuma na zubi wanda inji ke gogewa, sumul, sau da yawa na haɗin jan ƙarfe da tutiya, mai araha, mai gajeren amo.

Dillalai kan ce ƙarfe bakwai aka haɗa: zinariya, azurfa, zaiba, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kuza da dalma, kowanne a madadin rana ko wata ko wani tauraro. Gwajin da aka yi wa kwanuka galibi jan ƙarfe da kuza yake nunawa, sai ɗan ɓurɓushin wasu. Wannan ba aibi ba ne, domin haɗin biyun shi ne mai amon. Aibin shi ne a ɗora wa mai saye kuɗin zinariyar da ba ta nan.

Yadda sautin ke fita

Idan aka bugi kwanon, bakinsa na lanƙwasa yana komawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ido ba ya gani. Idan kuwa aka zagaya shi, sandar na kamawa tana zamewa, kamar jiƙaƙƙen yatsa a bakin kofin gilashi. Da yake kwanon guduma bai cika zagaye daidai ba, sautuka biyu masu kusanci kan fito tare, kunne ya ji amon na hawa yana sauka. A 2011 masana kimiyya Denis Terwagne da John Bush suka wallafa bincike kan kwanon da aka zuba wa ruwa: ruwan kan fara rawa daga gefe, sannan ɗigo-ɗigo su riƙa tsalle.

Zaɓe

Kunne ne alƙali. Yadda mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwar Maraɗi ke ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara kafin ta taya, haka ake yi wa kwanon. A buɗe tafin hannu sosai, kada yatsu su taɓa gefe, a buga sau ɗaya a hankali, a jira. Mai kyau amonsa na ja yana sirancewa har ya ɓace. Wanda ya tsage yakan yi zizar ƙuda ko ya mutu nan take, kuma tsagar na iya ɓuya ƙarƙashin fenti ko zane, saboda haka a ɗaga shi a haske a bi bakin da farce.

Ƙarami, mai santimita 10 zuwa 13, muryarsa siririya ce, yana shiga jaka. Babba, daga santimita 25 zuwa sama, muryarsa na da kauri, ana jin girgizarsa a ƙirji, amma hannu na gajiya da shi. Na tsakiya ya fi wa ɗan koyo sauƙi. Sandar itace zalla na fito da siririn sauti, mai naɗin fata kuma mai kauri. Ƴan kasuwa na rarraba kwanukan da sunaye irin su thadobati mai miƙaƙƙen gefe, jambati babba mai tumbi, da manipuri marar zurfi.

Kwanon ba ya cikin kayan da aka saba gani a rumfunan Maraɗi. Mai so sai ya yi saƙo ko ya saya ta intanet, kuma a nan ya kamata ya nemi a ɗauko masa sautin ainihin kwanon da za a turo, ba na wani ba. Kalmar "tsoho" ba ta da shaida sai ta bakin mai sayarwa, kuma ana iya dusasar da sabo ya yi kama da na gado.

Lafiya

Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mutum 62 ya ce sun ji damuwa da gajiya sun ragu bayan zaman saurare, amma ba a kwatanta su da wasu da ba su saurara ba. Bitar irin waɗannan bincike-bincike da aka yi a 2020 ta ce hujjar ba ta isa ba tukuna. Ba magani ba ne, bai kuma maye gurbin likita.

Saɓani

Wasu na danganta muryar kowane kwano da wata gaɓar jiki, amma wannan sabuwar fassara ce. Tsakanin Musulmi, wasu na ƙin kwanon saboda hadisan da suka zo kan ƙararrawa da kuma alaƙarsa da ibadar wasu, wasu na ɗaukarsa kayan sauti kawai.

Kulawa

Busasshen ƙyalle ya isa share ƙurar hunturu. Da damina a ajiye shi inda ba laima, don tagulla na yin kore.