Zunubi, rabuwa da Allah da begen fansa a bakin annabawan Baibul

Wannan batu ne da ya ratsa kusan duk littattafan annabawa na Tsohon Alkawari, wato kashin farko na Baibul wanda Yahudawa da Kirista suka yi tarayya a kansa. Abin da annabawan nan ke faɗa shi ne jama'ar Isra'ila sun karya alkawarin da ke tsakaninsu da Allah, laifin ya shiga tsakani har addu'a ta daina samun amsa, ƙasa ta faɗa hannun abokan gaba, amma kuma Allahn da aka saɓa wa shi ne da kansa zai zo ya fanso su. Ayar da aka fi kafa hujja da ita tana Ishaya 59:1-2, inda aka ce hannun Ubangiji bai gajarta ba balle ya kasa ceto, kunnensa ma bai toshe ba, laifofinku ne suka raba ku da Allahnku har ya ɓoye muku fuskarsa. Mu nan Garwa da Marwa yawancin masu jin Hausa Musulmi ne, to amma kasuwa ɗaya muke ci da Kirista, wani maƙwabci wani abokin aiki, don haka sanin abin da littafinsu ya ce ba asara ba ne.

Zamanin da suka yi magana

Annabawan ba a sarari kawai suka yi wa'azi ba, siyasar lokacinsu ce ta matse su. Bayan Sulemanu masarautar ta rabu biyu, Isra'ila a arewa da babban birninta Samariya, Yahuza a kudu da Urushalima. Amos da Yusha'u sun yi wa arewa magana a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, Ishaya da Mika kuma a kudu. A shekara ta 722 Assuriya ta cinye Samariya ta kwashe mutanenta. A 701 Sennakerib sarkin Assuriya ya kewaye Urushalima zamanin sarki Hezekiya amma birnin ya tsira. Sai Babila ta taso, sarkinta Nebukadnezzar ya kwashi manyan Urushalima a 597, cikinsu har da Ezekiyel wanda firist ne, wato limamin ibada, sannan wajen 587 ko 586 ya rushe birnin ya ƙone Haikalin, wato babban ɗakin ibadar da Sulemanu ya gina. Duk waɗannan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa ne, shi ya sa lissafin ke raguwa.

Mene ne zunubin

Nan ne mutum zai yi mamaki idan ya karanta da kansa. Eh akwai bautar gumaka, Ba'al musamman, kuma Yusha'u ya kira ta cin amanar aure ƙarara. An umarce shi ya auri wata mata Gomer wadda ba ta riƙe amana ba, ya raɗa wa 'ya'yansa sunaye masu ciwo, ɗiya Lo-Ruhama wato ba a ji tausayinta ba, ɗa kuma Lo-Ammi wato ba jama'ata ba. Ka ga duk wanda ya kira yaron a unguwa ya maimaita hukuncin ke nan.

Amma babban kaso na tuhumar a kasuwa da kotu yake. Amos, makiyayi ne daga Tekowa, ba ɗan gidan malamai ba, ya ce suna sayar da mai gaskiya don azurfa, talaka kuma a kan takalmi ƙafa biyu. A sura ta 8 ya zana 'yan kasuwa da suka ƙosa ranar Asabar, ranar hutun ibadarsu, ta wuce su buɗe rumfa, su rage mudu su ƙara farashi, su yi algus da ma'auni, har ƙaiƙayin alkama su haɗa su sayar. A sura ta 5 Allah ya ce ya ƙi jinin idodinsu, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne adalci ya malala kamar ruwa. Ishaya sura ta 1 ma haka, kuna ɗaga hannu kuna addu'a amma hannuwan cike da jini, marayu ba mai tsaya musu, ƙarar gwauruwa ba ta kai gaban alƙali, shugabanni kowa na bin toshiyar baki. A ganina wannan shi ne wurin da masu wa'azi suka fi tsallakewa, sun fi son maganar zunubin zuciya domin ita ba ta taɓa aljihun kowa.

Irmiya ya taƙaita laifin gida biyu a 2:13, sun bar maɓuɓɓugar ruwa mai gudu, sun haƙa wa kansu tankunan dutse masu tsaga da ba sa riƙe ruwa. Wanda ya ga Mayo Kaliyawo a Marwa cikin watan Maris, yashi tsantsa, mata da yara na tona rami suna jiran ɗan ruwa ya taru su kwalfa da ƙwarya, ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

Yadda rabuwar take

A tsakiyar Ishaya 59 jama'a ne ke magana da bakinsu, muna lalube jikin bango kamar makafi, muna tuntuɓe da tsakar rana, gaskiya ta faɗi a dandali. Ezekiyel ya fi kowa nuna abin a fili. Yana zaman bauta a bakin kogin Kebar sai ya ga wahayi, surori 8 zuwa 11, ɗaukakar Ubangiji na barin Haikali kaɗan-kaɗan, ta tsaya a bakin ƙofa, ta matsa ƙofar gabas, daga nan ta tsaya kan dutsen da ke gabas da birnin. Ga mutanen da suka sakankance cewa muddin Haikali na nan ba abin da zai same su, wannan ya fi labarin yaƙi tsanani. Irmiya ma ya gargaɗe su a sura ta 7 da su daina rera Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji suna sata da kisa.

Akwai kuma gardamar laifin wa ake biya. Mutane na da karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Ezekiyel 18 ya ce a daina faɗin haka, wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, mugu kuma in ya tuba zai rayu.

Fansa

A shari'ar Isra'ila, Littafin Firistoci sura ta 25, idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko ya sayar da kansa bawa, danginsa na kusa ne ke da hakkin biya ya dawo da shi. Wannan matsayi ne annabawa suka ba Allah, musamman Ishaya 40 zuwa 66 inda ake ta kiransa Mai Fansa. A 59:16 an ce ya duba bai ga kowa mai shiga tsakani ba, sai dantsensa ya yi aikin, a aya ta 20 kuma Mai Fansa zai zo Sihiyona, wato Urushalima, wurin waɗanda suka juyo daga laifi. To tuba na nan a matsayinta, amma wanda ya fara motsawa Allah ne.

Irmiya ya yi abin a aikace, kuma labarin a sura ta 32 yana da daɗin karatu. Sojojin Babila sun kewaye gari, shi kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi saboda sarki Zadakiya bai ji daɗin annabcinsa ba, sai ga Hanamel ɗan baffansa ya zo wai ya sayi gonarsa ta Anatot tunda shi ke da hakkin fansa. Gonar da take hannun abokan gaba fa. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda aka buga hatimi gaban shaidu, ya miƙa wa Baruk magatakardansa ya ce a sa a tukunyar ƙasa don ta daɗe, domin za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. A sura ta 31 kuma ya yi maganar sabon alkawari, shari'a rubuce a zuciya, Allah ba zai ƙara tuna zunubinsu ba. Ezekiyel 36 ya ce za a cire zuciyar dutse a sa ta nama, sura ta 37 kwarin busassun ƙasusuwa da suka tashi da rai, Mika 7:19 kuma za a jefa zunuban cikin zurfin teku.

Ta fuskar tarihi, Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da izinin komawa, aka gama Haikali na biyu wajen 515. Sai dai komawar ba ta kai girman alkawuran ba, Ezra 3 ya ce tsofaffin da suka san Haikalin farko kuka suka yi da suka ga harsashin sabon, wannan ne ma ya sa aka ci gaba da jiran cikar da ta fi haka.

Saɓanin fahimta

Ishaya 53 ita ce mararraba. Tana maganar wani bawan Ubangiji da aka soke saboda laifofin wasu, aka kai shi kamar ɗan rago wurin yanka bai buɗe baki ba. Kirista sun ce Yesu ne, tun littafin Ayyukan Manzanni na Sabon Alkawari sura ta 8 inda Filibus, wani mai wa'azi daga mabiyan Yesu na farko, ya tarar da ma'ajin sarauniyar Habasha yana karanta wurin cikin karusarsa, shi ya sa ake karanta ta a majami'u ranar Juma'ar da ke kafin Ista. Manzo Bulus ma ya ɗauko Ishaya 59:20 a wasiƙarsa zuwa ga Romawa 11:26. Malaman Yahudawa da dama, irin su Rashi wanda ya rasu a 1105, sun ce bawan al'ummar Isra'ila ce, suna kafa hujja da 41:8 da 49:3 inda aka kira Isra'ila bawa da suna. Musulmi kuwa ba su yarda wani na ɗaukar nauyin laifin wani ba, kamar yadda ya zo a Suratul An'am aya ta 164, kuma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a gicciye Annabi Isa ba, don haka mafita a wurinsu tuba ce da istigfari kai tsaye.

Masu binciken zamani da yawa, bin sahun Bernhard Duhm na Jamus a 1892, suna raba littafin Ishaya kashi uku, suna ganin surori 40 zuwa 55 na lokacin bauta ne, 56 zuwa 66 kuma bayan dawowa, yayin da majami'u masu riƙe da tsohuwar fahimta ke cewa duka na Ishaya ɗan Amoz ne. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wanda aka rubuta a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da surorin 66 a haɗe. Da Hausa kuwa cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa ne a 1932.